Yadda Za Ka Zaɓi Motar Iyali Tsakanin Ta Kamfanin Cikin Gari da Ta Bayan Teku

Kai maigida, gyara zama. Iyali sun yi yawa, tsohuwar motarka ta fara nishi in an shiga, ka ƙudura sayen doguwar nan mai kujeru bakwai da ƙofofi masu silalewa da kansu. Abu ɗaya ya hana ka sukuni: ka saya a kamfanin da ke cikin gari, ko ka sa a shigo maka da ita daga waje? Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, za ka yi zaɓin da danginku ba za su taɓa mantawa da shi ba. A kan yayana na gwada su, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau zancensa ake yi.

Mataki na ɗaya: Je kamfanin cikin gari, amma kada su burge ka

Tafi da matarka, don kada a ce ba a yi shawara da ita ba. Za a ba ku kujera da ruwan sanyi, a buɗe muku mota fes tana ƙamshin sabunta. Daure fuska.

Matar Yaya ba ta daure ba. Ta buɗe but, wato wurin kaya na baya, ta auna da ido inda keken jariri zai zauna, ta duba tsayin matakala saboda mahaifiyarta mai ciwon gwiwa. Mai tallan motar ya ga alamar ciniki, ya ce wa Yaya, "Ranka ya daɗe, akwai garanti. Ko fitila ce ta mutu, kawo ta mu canja kana zaune."

Yaya ya ce, "Kun sayar da irinta da yawa a garin nan?"

"Sosai ma. Ai likitan da ke layinku irinta ya ɗauka, har kalar."

Nan take Yaya ya miƙe, ruwan ma bai ƙarasa ba. Kai ma haka za ka yi. Motar da kowa ya san ciki da wajenta ba ta da kwarjini, kuma babu wanda ke leƙo garanti ta taga.

Mataki na biyu: Nemo dillalin da bai taɓa ganin motar ba

Wannan shi ne gwani. Namu ana ce masa Sai-Gobe, kada ka tambayi dalili, za ka sani. Ba shi da shago, waya ce shagonsa. Ya zauna a falon Yaya ya kunna bidiyo: kujerun fata masu yin tausa, ɗan firij tsakanin kujeru, labule mai ja da kansa, rufin gilashi.

Matar Yaya ta ƙura wa wayar ido. "Malam, kamar sitiyarin a ɗaya gefen yake."

Sai-Gobe ya ce, "Hajiya, hoton ne ya juya. Duk wayoyin yanzu haka suke."

In ka ji amsa mai daɗi irin wannan, kada ka ɓata ta da bincike.

Mataki na uku: Yi shawara da iyali bayan ka gama yanke hukunci

Tara su, ka saurari kowa da fara'a. Matar Yaya ta ce, "Baban yara, motar da za ta kai yara makaranta, ta kai Mama asibiti muke nema. Ta kamfanin nan me ta rasa?"

Yaya ya ce, "Ai saboda Mama nake yi."

Gaskiya ya faɗa. Mama, wato surukarsa, tun ranar da ya auri 'yarta ba ta taɓa yaba masa ko da launin takalmi ba. Furfura ta fito masa, amma har yanzu "yaron nan" take ce masa. In ya durƙusa gaida ta, sai ta tambaye shi ko ya gyara famfon bayan gida. Yaya ya sa a ransa kujerar tausa ce za ta ƙwato masa mutunci. Kai ma lalubo dalili mai sosa zuciya irin wannan, ka sa shi gaba. Babu mai musu da gwiwar tsohuwa.

Mataki na huɗu: Jira, kuma ka sanar da kowa kana jira

Duk sanda ka kira, dillali zai ce tana kan ruwa. Faɗa wa abokan aikinka haka, da murya ƙasa-ƙasa. Mutumin da yake da kaya kan ruwa ko tafiyarsa daban ce. Jaririn Yaya yana rarrafe aka fara jira, da ƙafarsa ya fito tarar motar.

Mataki na biyar: In ta iso, nuna kamar ka san komai

Ta iso baƙa wuluk tana sheƙi, layin ya fito kallo. Sitiyari kuwa yana can ɗaya gefen. Ashe hoton bai juya ba. Yaya ya buɗe ƙofar da ya saba, ya zauna, ya miƙa hannu ya kamo iska. Ya fito a natse ya zagaya, kamar dama kujerar yake gwadawa.

Yana tayar da inji, sai muryar wata mace ta cika motar, mai taushi, da yaren da babu wanda ya taɓa ji.

Matar Yaya ta ce, "Wace ce wannan?"

"Gaisuwa take yi," in ji Yaya. Ya dubi allon gaba ya ce, "Lafiya lau, ya aiki?"

Kullum safe haka suke gaisawa. A kan titi kuma wata fa'ida ta fito. Daga inda Yaya ke zaune ba ya hango abin da ke tahowa, don haka in zai wuce babbar mota sai matarsa ta leƙa masa.

"In fita?"

"Fita. A'a, koma! Koma, baban yara!"

"Ke ce fa kika ce in fita!"

"To yanzu na ce koma!"

Ya koma. Mutumin da bai ji shawararta a falo ba, ga shi yana bin umarninta babu ko tari. In ana so a gyara zaman aure, a sayi sitiyari a ɗaya gefen.

Mataki na shida: Ɗauko surukarka

Ranar ganin likita Yaya ya danna maɓalli, ƙofa ta silale, Mama ta shiga tana cewa, "Wannan kuma ɗaki ne ko mota?" Ya kwantar mata da kujera, ya kunna tausa. Ba su yi nisa ba ta lumshe ido ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya faka gefen titi ya share ƙwalla. Matarsa ma ta kau da kai tana murmushi.

A asibiti ya danna maɓalli, ƙofa ta ce ƙit, ta tsaya. Ya gwada ɗayar, ita ma ƙit. Muryar nan ta sake maimaita gaisuwarta ta kullum. Babbar 'yar Yaya, da ta rako su, ta kara wa muryar waya don ta fassara, ta karanta da ƙarfi: "Baba, cewa take injin ƙofofin baya ya kusa mutuwa, a kai gyara da gaggawa."

"Tun yaushe take faɗa?" in ji uwarta.

"Tun ranar farko. Baba yana ce mata lafiya lau."

Mama ba za ta iya tsallake kujeru zuwa gaba ba. Dole likitan layinsu, wanda a asibitin yake aiki, ya fito da farar rigarsa, ya shiga ta ƙofar direba, ya yi rarrafe zuwa baya ya duba gwiwa. Mama ta ce masa, "Likita, yi sauri, kana tare mini sanyi."

Mataki na bakwai: Kai ta wurin makanike, don a ce ka kai

Makanike ya buɗe murfin inji, ya daɗe yana kallo hannayensa a baya, ya rufe a hankali. Ya ce, "Yallaɓai, ni da ita ba mu san juna ba." Yaya ya koma kamfanin cikin gari a sunkuye. Suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce ko ƙusa ɗaya ta tasu ba ta shiga tasa. Ya kira Sai-Gobe. Kayan gyaran na kan ruwa.

Ranar asibitin kuwa, ta but aka zaro Mama, a kwance, tana dariya. Washegari ta aiko a kwaso mata kayanta, ta tare gidan Yaya gaba ɗaya. Yanzu da hantsi ake tura ta ciki ta but, ƙawayenta su biyo baya da jakunkunansu, a ja labule, a kunna tausa. Ta hana a motsa motar, wai girgizar titi na ɓata aikin kujera. Yara sun koma makaranta a tsohuwar mota mai nishi, suna zaune a cinyar juna.

Matar Yaya ta ce masa, "Ka sayo wa Mama falo mai taya huɗu."

Ya ce, "Amma kin ji ta ce mini ɗana."

"Na ji. Jiya ma ta ce wa mai wankin motar ɗana."

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko aurenka, ko kafaɗar matarka da ta gaji da leƙe. Shawara ya bayar, bai ce a ɗauka ba. Duk mai ƙorafi ya zo ya same shi ido da ido, ba zai gudu ba. Ba zai ma iya ba. Da safiyar nan ya shiga ta but don ya ɗanɗana tausar kafin Mama ta tashi, sai but ɗin da ƙofofin gaba suka bi sahun 'yan'uwansu. Yana kujerar tsakiya. Mama na tsaye a waje da sandarta tana ƙwanƙwasa gilashi, kuma ba ɗana take ce masa ba.