Rasuwar Butar Shayin Mama, Uwar Dodanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar butar shayin marigayiya Mama, ta tangaran mai shuɗin fure. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakin aikinmu da ke saman shagon tela.

Marigayiya butar ta yi zaman mutunci a kabad ɗin Yaya, wadda ta gaje ta. Ba a taɓa jin kanta da kowa ba, in ban da ƙyal-ƙyal ɗin murfinta lokacin da Mama ke zuba shayi. Ni na aro ta da sunan za mu yi manyan baƙi. Baƙin ba su zo ba, ita ma ba ta koma gida ba.

Mu uku muke haɗa wasan kwamfuta, irin wanda mutum ke zama jarumi yana bin gari-gari yana yaƙi yana ƙara ƙarfi: ni mai labari, sai mai zane, sai Injiniya mai rubuta manhaja. Kowace dabara sai mun gwada ta a kan tebur da abin da hannu ya kai. Kwaɗon ƙofa ne jarumi, cokula ne sojoji. Da muka rasa uwar dodanni, mai zane ya dubi tumbin marigayiyar da dogon bakinta ya ce an gama nema. Ta riƙe muƙamin ba gunaguni. Daga tururinta ma muka samo dabarar dodo mai huci kafin ya kai hari, don ɗan wasa ya samu damar kaucewa.

Ajalinta ya zo ta hanyar taurin kaina. Na kafe cewa a wasanmu wanda ya mutu ya mutu, babu rai na biyu, babu komawa baya. Injiniya ya ce mutane za su yi jifa da wayoyinsu, na ce masa mai raunin zuciya. Na kuma kawo shawarar bugun jarumi ya riƙa tura abokin gaba baya, in yana bakin rami ya afka. Da suka yi min gardama, sai na ajiye butar a gefen tebur, na cilla mata kwaɗon.

Dabarar ta yi aiki, kwaɗon ya tura ta ta faɗi ƙasa. Maganarta ta ƙarshe ita ce “tas!” Har tela ya tsayar da kekensa a ƙasa.

Ta rasu ta bar murfinta, da kofuna marayu a kabad, da wasan da ba shi da dodo. Ta kuma bar Yaya, wadda ke dafa shayi a cikinta duk ranar da kewar Mama ta taso mata. Yaya, kiran da kike ta yi ina ce miki tana nan lafiya, ƙarya nake yi. Ta nan kike jin labarin saboda na kasa faɗa miki da baki. Ki yafe min.

An yi iya ƙoƙari. Injiniya gam kawai ya miƙo min, wallahi gara ya zage ni. Gam bai riƙe ba. Na janye ra'ayina, wasanmu zai ba kowa rai na biyu.

Gawar tana cikin kwalin takalmi, an lulluɓe ta da ƙyallen da tela ya bayar sadaka. Za a kai ta gidan Yaya ranar Asabar da safe, a binne ta a gindin bishiyar tsakar gida idan mai gidan ta yarda. Ana roƙon masu rakiya su shiga gaba, ni zan biyo baya. Murfin zan miƙa wa Yaya hannu da hannu. Jiya na ɗauke shi na girgiza ko zan ji ƙyal-ƙyal ɗin nan, ashe shi kaɗai ba ya ƙara.