Rasuwar Ɗan Aike, Mai Tsaron Ƙofar Shafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta kasa yin shiru, Hajiya Sahadatou, mai sarin shadda a Aubervilliers, tana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar Ɗan Aike, fulogin ɗin nan, wato 'yar manhajar da ake liƙa wa shafin intanet, wanda ya yi wa shafin shagonta hidima tun 2011.

An haifi marigayin a wani ɗaki a Rillieux-la-Pape, a hannun ƙanenta Karim, wanda ya rubuta shi da kansa, ya kuma sa masa muryarsa. Bai taɓa haɗa odar Maradi da ta Sevran ba. Bai taɓa neman hutu ba. Duk wanda ya buɗe shafin zai ji: "Maraba, ku shigo, kaya sun iso." Idan kuwa uwar shagon ce ta shiga, ko da asuba ta yi sammako, sai ya ce: "Yaya, kin makara." Da Allah ya karɓi ran Karim a 2014, marigayin bai samu labari ba. Ya ci gaba da tsokanarta kowace safiya, ita kuma tana mayar masa da amsa, yaran shago suna yi kamar ba su ji ba.

Ciwon ajalin bai zo da zazzaɓi ba. Kamfanin da ke riƙe shafin ne ya ce a kashe kowane fulogin kafin a sabunta shafin. Aka kashe, aka sabunta, kowa ya tashi sai shi. Hajiya ta danna maɓallin kunnawa har yatsa ya gaji, allo na yin fari fat kamar likkafani.

Aka ɗauko Raliatou daga Lyon, abokiyar karatun Karim, ta duba Ɗan Aike. Ta ce Karim mutum ne mai tsabta: ya koya wa marigayin in an kashe shi ya share duk abin da ya ajiye, in an kunna shi ya koma wurin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gadon Karim ya ɗauko muryar. Kwamfutar kuwa, dangi sun bayar da ita sadaka tare da rigunansa, an goge ta, ta bi kwantena zuwa Damagaram. Ashe duk dannawar da ake yi, Ɗan Aike yana can yana sallama a ƙofar ɗakin da babu kowa, yana jiran a amsa.

Raliatou ta ce in aka cire layin umarnin da ke tura shi ɗauko muryar zai tashi, amma bebe. An gwada. Shafin ya buɗe tsit, Hajiya ta ce a bar shi ya huta.

Ya rasu ya bar shafi maraya, da kwandon sayayyar shafin, da lasifikar da har yau ake kunnawa da safe, tana huci ba ta magana.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan la'asar a bayan shago. Raliatou ce za ta danna maɓallin gogewa, don hannun Hajiya ba zai iya ba. Ba a buƙatar kowa ya zo da abinci. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar muryar a wayarsa, ko da cikin hayaniya ne, don Allah ya zo da ita. Hajiya ta fara manta yadda Karim yake jan "Yaya".