Na Tamanin da Biyu a Duk Najeriya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da na yanka rago na tara jama'a don su ga iyakar ilimina. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba. Ni dillalin shanu ne a kara, aji uku na yi a firamare na gudu, wannan ban ɓoye wa kowa ba.

Ɗana Habu ya yi jarrabawar shiga makarantar gwamnatin tarayya tare da Risika, 'yar maƙwabcina Alhaji Lasisi tela, Bayaraben da ya riga ni zama a unguwarmu ta Dogo Tebo. A gidansu in an yi magariba kowa da littafinsa, a gidanmu kuwa hirar farashin bijimi ake yi. Kullum Risika ta ɗaya take zuwa a aji, Habu na talatin da wani abu.

Sai ga sakamako. An ɗauki Habu, ba a ɗauki Risika ba! Na duba takardarsa (lamba dai ina ganewa) na ga tamanin da biyu. Na tambayi tata, aka ce ɗari da sittin. Nan take na yi lissafina: a makaranta ƙaramar lamba ce gaba. Ke nan ɗana ne na tamanin da biyu a duk Najeriya. Wallahi ko takalmi ban tsaya sawa ba, har bakin masallaci na kai labarin.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, abokaina na kara suka cika, hedimasta ma ya zo. Na miƙe da babbar riga, wadda Alhaji Lasisi ya ɗinka kuma.

"Jama'a, mu a gidanmu ba ma wahalar da yaro da littafi. Ƙwaƙwalwa gado ce!" Na juya wajen maƙwabcina. "Baban Risika, ka yi haƙuri. In Habu ya zo hutu zan sa ya riƙa koya mata."

Hedimasta ya ja gefen rigata. Na ɗauka so yake ya yi jawabi (Allah ya raba mu da zumuɗi), na ce, "Malam, tashi ka yi musu bayani da kanka."

Ya ce a bari sai an watse. Na ce lallai yanzu.

Ya miƙe kamar mai ciwon baya. "Alhaji, wannan maki ne, ba matsayi ba. Mai yawa shi ne gaba. Jiharmu tana baya a boko, shi ya sa aka sassauta wa 'ya'yanta. Risika kuwa, ko da a nan aka haife ta, takardar asalinta ta jihar babanta ce, can makinta bai kai ba."

Wani abokina ya ƙware da romo. Habu ya zura da gudu cikin gida. Ni kuwa ina tsaye, hannuna a sama, na rasa inda zan ajiye shi. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka da mutumin nan, ga shi na tara masa jama'a na yi wa 'yarsa dariya, ita da aka hana wuri.

Alhaji Lasisi ya goge hannunsa a hankali. "Zauna, Baban Habu, namanka zai huce. Habu ɗana ne, na yi murna. Batun koyarwa kuma, tun bara Risika ke koya masa lissafi a zaurena. Bari ta gama da shi tukuna."

Aka fashe da dariya. Washegari na je shagonsa ba da haƙuri, ya ce in bari, amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake tsokanata kamar da. Waɗannan wata biyun sun fi dariyar zafi.

Tun daga ranar, duk takardar da aka miƙo mini mai lamba, kafin in wasa wuƙa sai na tambaya: a nan babba ake so, ko ƙarama?