Rasuwar Akane, Mai Dakon Gangar Okuhama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau ke warin baƙin mai, Tetsuji Kuramochi na ƙauyen Okuhama yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jar a-kori-kurarsa, Akane, wadda ta cika ranar bikin kaka a kan gadar wurin bauta, a gaban jama'ar gari kaf.

Marigayiya ta girmi mai ita. Mahaifinsa ne ya saye ta. Ta yi dakon shinkafa da kwandunan kifi ba ƙorafi, in ban da ɗan tarin nan nata na safe, kuf-kuf-kuf, kafin ta tashi. Babbar darajarta kuwa, ita ke kai gangar biki kan tudu duk shekara, aikin da gidan Kuramochi ya gada, wanda gidan Ebisawa na tsallaken rafi ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa.

Ciwon ajali ya kama ta ne bayan Tetsuji ya je kallon motocin gayu a birni, ya dawo yana cewa Akane ta yi tsayi kamar zalɓe. Ya yanke mata sifirin, ƙarfen da ke ɗaga jikinta, don ta yi ƙasa. Ya kwanta ruf da ciki ya auna da kwalin sigari, yadda masu wannan sha'awa ke yi: muddin kwalin na iya tsayuwa a ƙarƙashinta, to da saura. Ya ƙara ragewa. Sannan ya karkatar da tayoyin, samansu ciki, ƙasansu waje, har ta yi gwame.

Genzo bakanike, da aka kai masa ita ya saita ƙafafun, ya zagaya ta ya ce, "Tetsu, saitin me zan yi? Wannan ai sai mai ɗori." Fumie, matar Tetsuji, ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, in ka gama ka ɗaura mata tsintsiya, ta riƙa share mana layi." Tetsuji ya ɗauki duk wannan hassada ce. Ai ya gwada ta a kan gadar nan mai doro, a karkace, a hankali, ta kuma haye lafiya lau. Sai dai ba komai a bayanta ranar da ya gwada.

Ranar biki ƙarti suka ɗora ganga, makaɗa suka hau. Akane ta taho tana sheƙi, Tetsuji ya fito da gwiwar hannu ta taga. A tsakiyar gada cikinta ya zauna kan doron dutse. Kalmominta na ƙarshe su ne ƙiiii, sai ƙwas, sai ɗis, ɗis. Makaɗa suka ci gaba da kiɗa, a zatonsu sabon salo ne.

Tsoho Ebisawa ya sunkuya ya kalli baƙin man da ke malala. "Kar ka damu, ɗan Kuramochi," in ji shi. "Tamu motar mummuna ce, amma ƙafafunta a miƙe suke." A motar kabejinsa ganga ta ƙarasa, kuma dattawa sun yanke cewa a can za ta zauna. Tetsuji ya nemi a rubuta cewa gadar ce ta yi tudu da yawa. An rubuta.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, ciki a cinye, waje sabo fil. Da jak ɗin da ya daɗe bai samu shiga ƙarƙashinta ba. Da guntayen sifirin a bokiti.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, in janwe ya samu inda zai saƙala ƙugiya. Mai kula da wurin bauta zai yi mata irin addu'ar da a al'adar ƙasar ake yi wa karyayyun alluran ɗinki, bayan Tetsuji ya gama goge masa gada. Ana karɓar gaisuwa a gida. Masu zuwa su daure su ɗaga murya, domin gidan Ebisawa sun fara gwajin kiɗan baɗi tun yanzu, kuma sun ajiye gangar daidai saitin tagar Tetsuji.