Ranar da Kyautar Alhaji Ta Yi Hayaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe shagon wasa a Zongo ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba masu barin mutum ya huta ba ne. Shekaru sun wuce, na yi aure, na fara teɓa, amma har yau in tsofaffin ƙofar masallaci suka hango ni a kan moto, wato babur, sai ka ga suna taɓa juna da gwiwar hannu.

Lokacin ina neman auren Rakiya ne, 'yar Alhaji Hamidu mai atamfa a babbar kasuwar Rood Woko. An kai gaisuwa, an karɓi goro, kowa ya san maganar. Sai dai Alhaji ya kafe a kan abu ɗaya: ba zai tsayar da rana ba sai ya ga sana'ata da idonsa. Ni kuwa na gama makaranta, na yi yawo da takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan har takalmina ya cinye, ba wanda ya ce mini ko zauna. Shi ne na yanke shawara in kama hayar ɗan shagon da ke jikin gidanmu, in haɗa ordinatar, wato kwamfuta, ta wasa guda ɗaya mai ƙarfi, samari su riƙa biya suna buga ƙwallo da tseren motoci. In ta kawo kuɗi a ƙara ta biyu.

Duk wanda ya taɓa haɗa ordinatar ta wasa da aljihun talaka ya san ciwon kan da ke ciki. Kamar a ba tela yadi biyu ne a ce ya fitar da babbar riga. Na yi makonni ina zarya zuwa unguwar Wemtenga wurin abokina Bukari, mai gyaran ordinatar, muna lissafi muna faɗa. Kart girafik, wato abin da ke zana hoton wasan, ita kaɗai ta cinye kusan rabin abin da na tara, kuma ma ba sabuwa ba ce, irin kayan nan ne da Turawa suka gaji da su muke ce wa Faransa-orabuwar. Forosesa, ƙwaƙwalwar ordinatar ke nan, muka ɗauki matsakaici. Ram, mai riƙe mata aikin da take kai, sanda biyu. Faifan ajiya ƙarami amma mai sauri, don Bukari ya ce gara wasanni kaɗan su buɗe da wuri da a tara su da yawa yara suna hamma.

A kan akwati muka fi yin rigima. Ni na nace sai mai gilashi a gefe, wanda ake hango kayan ciki. Bukari ya ce gilashi ba ya ƙara wa wasa gudu. Na ce shi bai san kasuwa ba, ido ke fara ciniki. (Wannan gilashin, ku riƙe shi a ranku, shi ya kashe ni.)

Abu ɗaya ya rage, alimantasiyo, ɗan akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sauran kayan. Bukari ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka ga, a komai ka yi rowa na yarda. Ban da wannan. Kart ɗin nan mayunwaciya ce, in ka ba ta ƙaramin alimantasiyo sai ya mutu ya tafi da ita." Na ce masa ni ma ai na sani, ba jiya na fara taɓa ordinatar ba. Kuma wallahi na sani. Na ware kuɗinsa daban na sa a aljihun ciki.

To, a Zongo muna da wata al'ada tun ta kakanninmu fatake. In yaro zai buɗe sana'a, babba yakan ɗauko wani abu daga nasa shagon ya ba shi, ma'auni ne, almakashi ne, ko benci, don hannunsa ya shiga cikin arzikin. Ba a mayarwa, ba a ajiyewa a ƙarƙashin gado. Amfani ake yi da shi, a inda mai kyautar zai gani.

Na je Rood Woko in sanar da Alhaji ranar buɗe shago. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani. Ya saurara yana murza carbi, ya ce, "Wato wasan yara shi ne sana'ar?" Na ce, "Baba, yaran ai biya suke yi." Ya ce to, ya ji. Sai ya tambaye ni me ya rage ban saya ba. Ni da bakina, ba wanda ya matse ni, na ce saura akwatin wuta kawai.

Fuskarsa ta washe. Ya tashi da kansa ya shiga bayan dilolin atamfa, ya jawo wata tsohuwar ordinatar da ya ce da ita ake rubuta masa rasit tun Rakiya tana goye. Ya sa aka kwance ta a gabana, aka ciro alimantasiyon. Ƙura ta yi masa rawani, fankarsa ta yi baƙi ƙirin. Ko ban karanta takardar jikinsa ba na san ko rabin abin da kart ɗina ke ci ba zai iya bayarwa ba. Alhaji ya ɗauki alƙalamin da yake sa wa diloli alama, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a gefensa, ya miƙo mini.

"Bai taɓa ba ni kunya ba," in ji shi. "Ka ce akwatin naka mai gilashi ne ko? Madalla. Duk wanda ya leƙa ya ga hannuna a ciki."

Jama'a, me zan ce? Na sa hannu biyu na karɓa. Na yi godiya. Har da cewa na yi irin wannan ƙarfen na da ba a samunsa yanzu. Allah ya shirye ni.

Da Bukari ya gani sai da ya zauna a ƙasa don dariya, daga baya ya fusata. Ya ce in je in faɗa wa tsohon gaskiya. Na ce shi ba ya neman aure, shi ya sa bakinsa ke da sauƙi. Ya ce to mu sayi mai kyau mu ɓoye a baya. Muka duba, babu wurin ɓoyewa, gilashin nan ya tona komai. Sai na kawo dabarata: ranar buɗewa zan kunna ta kawai, fitilu su kama, Malam ya yi addu'a, a watse. In dai ba a buɗe wasa ba, kart ɗin ba za ta ja wuta sosai ba. Bayan kwana biyu in canza a hankali. Bukari ya kalle ni ya ce, "Yel ka ye," babu damuwa, irin yadda Mosawa ke faɗa in sun ga mutum ya nufi rami kuma ba ya jin kira.

Kuɗin da na ware kuwa, tunda na ga kamar sun zama rara, sai na zuba su a fitilu masu canza launi da wata fanka mai walƙiya. Na ce in an samu ciniki a sayi alimantasiyon daga baya. Kada ku tambaye ni inda hankalina ya tafi, ni ma na neme shi ban gani ba.

Ranar ta zo, bayan la'asar. Innata ta dama zom-kom, ruwan garin geron nan mai zaƙi, cike da roba, an kawo goro da dabino a faranti. Mata suna waje ƙarƙashin rumfa, har da Rakiya da mahaifiyarta. Maza suna ciki a kan tabarma, Malam a gaba, Alhaji a kan kujera ɗaya tilo da nake da ita, cikin farar shadda. Bukari ya tsaya a bakin ƙofa, kuma sai daga baya na gane dalilin da ya sa ya zaɓi nan.

Na danna. Ta kama. Fitilu suka shiga zagaye, ja, kore, shuɗi. Aka yi ta "Masha Allah". Alhaji ya sunkuya ya leƙa ta gilashi, ya ga sunansa, ya nuna wa Malam da yatsa. Malam ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Na miƙa hannu zan kashe, zuciyata fari ƙal, ina cewa a raina na tsallake.

"Dakata," in ji Alhaji. "Ina wasan?"

Na ce, "Baba, ai wasan sai gobe, yau addu'a ce."

"Ni fitila na zo kallo? Fitila ai akwai ta a gidana. Nuna mini abin da yaran za su biya kuɗi a kansa."

Na ce wutar unguwa ba ta da ƙarfi yau. Wani dattijo ya nuna fankar sama da ke juyawa kamar za ta tashi. Na ce wasan yana da kiɗa, ga Malam a zaune. Malam, Allah ya saka masa, ya ce a rage sautin kawai, shi ma yana son ya gani. Na waiwaya wurin Bukari neman agaji, na tarar ya ƙara matsawa waje da taki ɗaya.

Na buɗe tseren motoci. Alhaji ya ce a ba shi abin tuƙin a hannunsa. Na nuna masa inda zai danna. Mota ta fito a ekiran, wato allon kallon, tana sheƙi, titi ya miƙe, tsofaffi suka matso. Alhaji ya danna, mota ta zabura, ya yi dariya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ni kuwa kunnena yana kan akwatin. Na ji fankar tsohon alimantasiyon ta fara kuka. Sai wani wari kamar an ƙona roba.

Sai fau!

Tartsatsi ya haska cikin gilashin, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe.

Ina so in ce muku na tsaya na janye Alhaji, ko na cire waya daga bango. Ban yi ko ɗaya ba. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun Malam ba. Na yi fatali da farantin goro, na bangaje Bukari, na faɗo titi da takalmi ɗaya. Kuma a can, a gaban rumfar mata, a gaban Rakiya da uwarta da duk wanda ƙarar ta fito da shi daga gida, na ɗora hannu a ka na kwarma ihu:

"Wallahi ba ni ba ne! Kayan Alhaji ne! Tun farko na san ba zai ɗauka ba!"

Innata tana riƙe da ludayi, ta kasa sauke shi. Can sai ga Alhaji ya fito a hankali cikin hayaƙin, abin tuƙin yana hannunsa, wayar tana jan ƙasa. Ya miƙa wa Bukari, ya kakkaɓe shaddarsa, ya sa takalmansa. Bai ko kalli inda nake ba. Ya hau motonsa ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Kart girafik ta bi alimantasiyon, kamar yadda aka faɗa mini. Amma ba ita ce ta hana ni cin abinci ba. Rakiya ta kira ni a waya, ko sallama babu. "Ka bar mini uba cikin hayaƙi ka gudu, sannan ka tsaya a titi kana shelar sunansa? Kai wane irin mutum ne?" Na fara bayanin yadda wuta ke aiki, ta kashe. Na ce shi ke nan, aure ya ƙone tare da kart.

Kwanaki ina ɓuya a ɗaki, sai aka aiko Alhaji yana nemana a shago. Na tafi kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na durƙusa, na fara ba da haƙuri a kan gudun da na yi.

"Bar maganar gudu," in ji shi. "Da ƙafafuna na da ne, da na riga ka fita. Abu ɗaya nake so in ji. Ka ce tun farko ka sani?"

"Na sani, Baba."

"A nan ka durƙusa, ka karɓa da hannu biyu, har kana yabon ƙarfen."

"Kunyarku na ji, Baba."

"Kunyata? Ka ji kunyata a nan inda muke mu biyu, ka ajiye ni sai a gaban Zongo kaf? Ni ɗan kasuwa ne, yaro. In na ba mutum atamfa mai zuba, ya gani ya yi shiru, ba girmama ni ya yi ba."

Sai ya tashi ya shiga bayan dilolin nan. Ya fito rungume da ekiran ɗin tsohuwar ordinatar, irin mai ƙaton ƙeya, ya dire shi a gabana. "Ga wannan. Ka sa a shagon naka."

Hannayena, marasa mutunci, har sun fara miƙewa da kansu. Na mayar da su na danne a cinya. Na ce a hankali, "Baba, ba zai yi ba."

"Me ka ce? Ɗaga murya. Ranar nan ai har kasuwar Sankaryaaré an ji ka."

"Ba zai yi ba, Baba! Ya tsufa, ko wurin sa wayarsa babu!"

Maƙwabcinsa ya leƙo ya ga lafiya. Alhaji ya koma kujerarsa, ya ɗauki carbinsa, ya ce, "To. Ka ce wa manyanka su zo ranar Juma'a a tsayar da rana. Shagon kuma ka gyara shi da kaya masu kyau, ba na son 'yata ta ci hayaƙi."

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na saye shi: kada ka yi rowa a alimantasiyo, kuma a'ar da ka kasa faɗa a durƙushe cikin ladabi, za ka faɗe ta a tsakiyar titi da takalmi ɗaya. Ekiran ɗin kuwa, cikin kayan ɗakin amarya ya iso gidana. Rakiya ta shimfiɗa masa ɗan kyalle ta ɗora a kan kabad, ta ce na babanta ne. Yana nan har yau, don ita ban koyi ce mata a'a ba tukuna.