Rasuwar Doris, Tirelar da Gangaren Ƙungiya Ya Cinye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya fi yawa a cikinsa, Tahlia Petrakis tana sanar da rasuwar Doris, tirelar da ke ɗaukar jirgin ruwan gidansu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a bakin aikinta.

Mahaifin Tahlia, Stavros, shi ya haɗa marigayiyar da hannunsa, tun idanunsa suna ganin walda. Ta sha jar ƙasa da gargada da ruwan gishiri, ba ta taɓa yar da kayanta a hanya ba. Ƙorafinta kawai ƙiiƙ-ƙiiƙ ne in an sha kwana, sai garau-garau in ta hau tsakuwa.

Ba tsufa ya kashe ta ba, kada kowa ya zo gaisuwa da wannan maganar. Gangaren simintin da ƙungiyar masunta ke saukar da jirage cikin ruwa ta kansa ya daɗe da gutsurewa a ƙarƙashin ruwa. Tahlia ta faɗa a taro, ta auna, ta kawo hotuna. Shugaban ƙungiya, Des Mulvaney, ya kurɓi giyarsa ya ce, "Yarinya, tun ba a haife ki ba muke saukar da jirgi a nan. Sai ki jira ruwa ya cika, kamar kowa." Aka yi dariya, aka koma zancen gasar kamun kifi.

Tahlia ta jira, ruwa ya cika, ta gangara da Doris. Tayar hagu ta zarce bakin simintin, ƙarfen tayoyi ya karye. Furucin marigayiya na ƙarshe shi ne ƙwas, sai bul-bul. Babu wanda ya shiga ceto, domin wani ƙaton kada da ke gadin wurin yana kallo.

Ta bar jirgi ɗaya da ba shi da ƙafa, da a-kori-kurar da ta saba jan ta, da jarkokin mai cike, da taswirar gaɓar arewa da aka shekara ana yi wa alama. Ta kuma bar Stavros. Saboda shi aka shirya tafiyar, ya ga bakin kogunan da ya yi kamun kifi a ƙuruciya kafin ganinsa ya ƙarasa tafiya. Damina ta kusa rufe hanya, likita kuma bai yi alkawarin baɗi ba.

Za a ciro gawa ranar Juma'a in ruwa ya janye. Za a kwantar da ita a ƙofar rumfar jirgin Des, a kwance tayoyin, a yi mata walda da ginshiƙan ƙofa. Stavros ya ce wannan ko da lalube zai yi. Gasa washegari ce, jirgin shugaba kuma yana cikin rumfar.

Ana karɓar gaisuwa a wurin. Kada a kawo furanni, a kawo siminti. Za a ɗauke ta ranar da aka gyara gangaren. Kafin nan, shugaba sai ya jira, kamar kowa.