Yadda Bulokcen Ta Tantance Dokta Ntim

A duk Kumasi babu maƙiyin ƙarya kamar Dokta Boakye Ntim, shugaban wani asibitin kuɗi a bayan kasuwa. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa zai musa wa mutumin da ke cin fufu da cokali mai yatsu? Abin awon ƙirji ba ya barin wuyansa ko a coci. Ma'aikata na kiransa Lokacin-da-nake-Turai, don da haka yake buɗe kowace magana.

Shi ya kawo wa asibitin bulokcen, tsarin da ke tambayar makarantu gaskiyar takardun ma'aikatan lafiya, ya adana amsar a kwamfutoci barkatai yadda ba mai iya gogewa. Dokta bai tsaya jin wannan bayanin ba. A zatonsa hoton mutum ake sawa, shi kuwa yana da hotuna masu kyau.

Tun kafin a kunna na'urar ya dakatar da wata ungozoma, Sista Adwoa, wai tawadar takardarta ta koɗe.

"Maame, je ki gida ki jira," in ji shi. "Ni daga nesa nake jin warin jabu."

Ranar buɗewa aka tara sarakuna da 'yan jarida. Dokta ya sha ado da zanen kente, ya kama lasifika.

"Lokacin da nake Turai, shugaba ke shiga gaba. A fara da ni!"

Matar da kamfanin bulokcen ya turo ta raɗa masa, "Ranka ya daɗe, mu gwada a ofis tukuna mana."

"A gaban jama'a!"

Allo ya kawo kore: takardar gaskiya ce. Aka ɓarke da tafi, Dokta na rusunawa hagu da dama. Sai wani ɗan jarida ya karanta layin ƙasa da ƙarfi: "Likitan dabbobi. Ɓangaren kaji."

Kafin sati ya zagayo masu asibitin sun karɓe makullin ofis daga hannunsa, Sista Adwoa ta koma ɗakin haihuwa.

Dokta na zaune a gida ya rufe tagogi, sai maƙwabciyarsa mai sayar da dokunun masara ta ƙwanƙwasa, kaza a hammata.

"Dokta, taimaka, ta daina ƙwai."

Ya buɗe baki zai zage ta, amma hannunsa ya riga ya ɗaga fiffiken. "Ƙwarƙwata ce," ya ce a hankali.

Kazar ta warke sarai. Ita ce marar lafiya ta farko da Dokta Ntim ya taɓa warkarwa a Kumasi.